Barbashin Shuɗi a Inuwar Tulu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa, autata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Illela lafiya, Ya tsare ki a mota da masauki, Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, Ya sa yaran da za a danƙa miki a aji su zama sanyin idonki. Allah Ya sa albarka a aikinki na farko.

Wasiƙar nan za ki same ta a cikin gwangwanin da na roƙi innarki ta cusa a ƙasan jakarki. Na ji kin ce kada a ƙara miki kaya. Ki yi haƙuri, ba shi da nauyi. Innarki ta riga ta yi miki nasiha a kan salla da zaman mutane, kuma ta fi ni iyawa. Ni abin da na sani shi ne allo da alli da fentin ruwa, to a kansu zan yi magana. Akwai kuma wata magana da ta kamata in yi miki tun shekara bakwai da suka wuce, tun ranar da kika ajiye buroshi ba ki sake ɗauka ba. Zan kai gare ta. Ki bar ni in biyo ta hanyar da na saba.

Yawancin mutane in suka ga zanen fentin ruwa launinsa ya kwanta barbashi-barbashi, kamar an yayyafa yashi mai laushi a kan takarda, sai su ce fentin ya lalace, ko ruwan ba shi da tsabta, ko mai zanen bai iya ba. Na ji wannan daga bakin ɗalibai, na ji daga bakin malamai, ni ma na faɗa da bakina. Alhali ba haka ba ne. Wasu launuka daga ƙasa da dutse suke, ƙwayoyinsu suna da nauyi. Ruwa yana ɗaukarsu ya yi yawo da su a kan takarda, in ya fara ƙafewa sai su gangara su zauna a ƙananan ramukan takardar, su bar tudunta da haske. Kin sha ganin irin wannan a korama bayan ruwa ya janye, baƙin yashi ya jeru a kwari, fari ya tsaya a sama. Babu hannun da zai iya zana wannan da gangan. Sai dai ka shirya masa wuri ka janye.

Na daɗe kafin in gane haka.

Lokacin da na fito daga makarantar horon malamai, wani tsohon malaminmu da zai yi ritaya ya ba ni bututun fenti guda uku da takarda mai kauri, mai kaushi kamar bangon da ba a shafe ba. Ya ce, "Ka iya kallo, saura ka iya haƙuri." Da su na tafi Malbaza, inda aka fara tura ni aiki. A ɗakin da na kama, na jera buta da ƙoƙo a bakin taga, na jiƙa shuɗi na shafa a bayansu. Da ya bushe sai ga barbashi ko'ina. Na sake, haka. Na sake, haka. Sai na duba gindin butar shayina na ga farin ɓawon da ruwan garin ke bari, na tuna yadda sabulu ke wahalar kumfa a can. Nan take na yanke hukunci: ruwan Malbaza ne ke ɓata mini aiki.

Kin san abin da na yi? Duk ƙarshen mako in na zo Konni, sai in cika jarka da ruwan gidanmu in koma da ita. Akwai wani direban motar siminti, Mamman, da nake bi in zai tafi lodi. Mushe yake kirana, yadda ake kiran malaman makaranta a nan. Rana ta uku da ya ga ina ɗora jarkar, ya kasa haƙuri.

"Mushe, wai ruwan ga na mine ne? Rubutu ne aka yi maka?"

Na ce na zane ne.

"Na zane." Ya sa giya. "To mu da muke shan na can shekara goma, cikinmu ya fi takardarka arha ke nan?"

Har muka isa yana dariya, kuma daga ranar ya raɗa mini suna Mai Ruwan Konni. Wata huɗu ina wannan jigila. Barbashin ya ɗan ragu, amma bai tafi ba. Da damina ta zo na tari ruwan sama a kwano, wanda babu ruwan da ya fi shi tsabta, na gwada. Barbashin yana nan. Sai a lokacin na zauna na kalli takardar da gaske, a maimakon in kalle ta ina neman laifi. Na ga bangon bayan butar ya yi kama da bango, har kamar in ka shafa za ka ji tsakuwa. Na ɗauko tsofaffin da na yi da ruwan Malbaza, waɗanda na cusa ƙarƙashin katifa don kunya, na ga sun ma fi kyau. Ashe ruwan garin taimakona yake yi, yana sa ƙwayoyin su dunƙule su fito sosai, ni kuwa ina ɗauko masa kishiya daga nesa.

Ɗiyata, za ki je garin da ba ki sani ba. Abubuwa da yawa za su fito miki ba yadda kika saba ba, daga ɗanɗanon ruwa har yadda yara ke amsa tambaya. Kada ki yi saurin cewa garin ne bai da kyau. Ki ba abu wata huɗun da na ɓata ina ɗaukar jarka, ki kalle shi kawai, kafin ki ce lalacewa ce.

Kuskurena na biyu albasa ce ta jawo shi. Bututun nan uku sun ƙare, sai na sayi akwatin fenti irin na 'yan makaranta, mai launi goma sha biyu a jere kamar alewa. Na sa albasar Galmi guda uku a kan faifai, na ce yau sai na fito da wannan launi nata, wanda ba ja ba ne, ba shuɗi ba ne. Na haɗa ja da shuɗi, bai yi ba. Na ƙara ruwan ƙasa, na ƙara ɗan baƙi, na ƙara fari don in gyara baƙin. Abin da ya fito shi ne launin ruwan kwata. Daga baya na fahimci cewa kowane ɗaya daga cikin launukan akwatin shi ma haɗi ne na abu uku ko huɗu. Wato ni ina ganin biyar na gauraya, ashe wajen ashirin na tara a wuri ɗaya, kowanne yana kashe ɗan'uwansa.

Wadda ta warware mini wannan ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Gwaggo Tani ce, mai tukwane, da ke kasa kayanta a kasuwar Tsarnawa. Na tsaya ina kallon jan da ke jikin tulunanta, ja mai rai, wani wuri ya yi duhu wani wuri ya buɗe. Na tambaye ta abin da take haɗawa.

"Haɗawa da mi?"

Na ce, to, ai launin ba iri ɗaya ba ne a jikin tulun.

"Ɗana, ƙasa guda ce. Inda ta yi kauri ta yi duhu, inda ta yi ruwa ta yi haske. Ku masu boko in ba ku dama abu ya fita hayyacinsa ba hankalinku ba ya kwanciya."

Ta ƙulla mini dunƙulen jar ƙasarta a tsumma, ta ƙi karɓar kome, ta ce in dai na zana tulu in kawo ta gani ko ya yi kama da na mutane. A hanyar komawa na tsaya wajen mai tebur na sayi bula, wannan shuɗin garin da ake sa wa fararen kaya in an yi wanki. Shi ma abu guda ne, kuma ɗan gidan su shuɗin da tsohon malamina ya ba ni ne. Na jiƙa kowanne daban da ruwan ƙaro. Na haɗa su biyu kawai, da ruwa mai yawa, na ɗora a takarda na bar su. Balkisa, ina zaune ina kallo suka rabu da kansu. Shuɗin ya nutse cikin ramuka, jan ya tsaya a sama. In ka matso ka ga launi biyu, in ka ja baya ka ga albasa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba sai ranakun da aka haife ku.

Saboda haka ki riƙe wannan. Launi ɗaya tsantsa, in kika san kaurinsa da ruwansa, zai ba ki duhu da haske da abin da ke tsakani. Biyu za su ba ki kusan duk abin da ke kan faifai. In kin kai uku ki tsaya ki tambayi kanki ko gyara kike yi ko tsoro. Haka na gani a aji ma. Ranar da na shiga da abu ɗaya zan koyar, yara sukan fita da shi. Ranar da na shiga da biyar don in burge, sukan fita da ruwan kwata.

Na uku zai ba ki dariya, don innarki har yau tana ba baƙi labarinsa. Bayan mun dawo Konni na zama mai haɗa fentina da kaina. Ina tsinto ƙaro daga jikin itacen dakwara, in jiƙa, in tace, in ɗiga zuma kaɗan don kada fentin ya tsage in ya bushe. Na samo rawayar ƙasa daga wani rami a hanyar Bazaga. Na cire mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo ina jan sa a yashin korama, baƙin yashi yana manne masa, shi ne baƙina, kuma babu launin da ya kai shi barbashi. To sai zuciya ta raya mini cewa fentin ƙwararru dole ya yi laushi kamar kwalli. Na niƙa jar ƙasa a kan gilashi tun hantsi har azahar, na tankaɗe da rariya, bai ishe ni ba. Na duba na ga wani siririn gyale a kan igiya.

Innarki ta fito daga madafa ta same ni na ɗaure shi a bakin kwano.

"Malam, gyalen bikin ƙanwata ne ya zama rariya?"

Na ce zan wanke.

"Za ka wanke. Da bular da ka kwashe mini jiya, ko da wadda ka kwashe shekaranjiya?"

Gyalen bai sake komawa fari ba, kuma fentin da na sha wannan wahala a kansa ya fito sumul, shafaffe, babu rai, kamar fentin ƙofar buro, wato ofis. Na niƙe abin da nake nema da hannuna. Tun daga nan nake tsayawa da niƙa da zarar na daina jin tsakuwa a ƙarƙashin dutse, ko da akwai sauran ɗan kaushi. Wannan ɗan kaushin shi ne dukiyar. Za ki samu yara a aji masu irin wannan kaushin, mai yawan tambaya, mai amsa ta hanyar da ba ita ce a littafi ba. Ki cire musu tsakuwa, wato rashin kunya da lalaci. Sauran ki bar musu.

Akwai ƙananan kurakurai da ba sai na ja su da tsawo ba. Na taɓa shanya zane a rana a watan bazara don ina sauri, ruwan ya tashi kafin ƙwayoyin su sami wurin zama, sai ya bushe da tabo. Zafin ƙasarmu abokin gabar wannan aiki ne. Ki yi shi da sanyin safiya, a inuwa, kusa da randa in da hali, ki ɗan karkata allon da takardar ke kai don ruwan ya yi tafiya a hankali. Na kuma taɓa ɓata shekaru ina jera sababbin kaya masu ƙyalli don zane, tangaran da kwanon silba, ina ture tsofaffi gefe. Alhali fentin ƙasa kayan ƙasa yake so: tulu, ƙwarya, kaskon turare, ɓawon albasa, goro da ya fara bushewa. Abu uku sun isa. Haske kuma ya shigo ta gefe ɗaya, kamar ta ƙofar zaure, don kowane abu ya sami inuwarsa.

Duk wannan kin sani, don a gabanki aka yi. Kina 'yar shekara shida kike jan mayen ƙarfe a korama, kina kuka in na ce mu tafi gida. Da kika shiga kwalej kina cikin yaran da nake koya wa zane ranar Laraba da yamma, kuma ba don ke ɗiyata ce ba, babu wanda ya kai ki haƙurin jiran ruwa ya bushe. Ni da na koya miki, kin fi ni iya janye hannu.

Yanzu na iso inda nake ta kewayawa.

Shekarar da kakarki Hajo ta rasu, kina da shekara goma sha biyar. Bayan an raba kayanta, kin roƙi a bar miki tulunta da ƙwaryar nan da ta fashe ta ɗinke da zare. Kika jera su a zaure da albasa biyu, kika yi sati uku kina zanawa. Kin lalata takarda shida kafin ta bakwai ta tsaya. Da jar ƙasa da bula kawai kika yi ta, da ɗigon baƙin yashi. A gefen tulun da ba ya kallon haske, kin zuba ruwa mai yawa kin bar shi, shuɗin ya zauna barbashi-barbashi a cikin jan, tun daga wuya har gindi. Wanda duk ya san tulun Hajo, da sanyinsa da gishirin da ke fitowa a jikinsa, zai gane shi.

An shirya baje kolin aikin ɗalibai na ƙarshen shekara, aka ce sufeton makarantu zai zo. Ni ne mai kula da ɓangaren zane. Ana gobe za a kai kaya, bayan azahar, innarki ta aike ki gidan gwaggonki. Na shiga zaure na tsaya a kan zanenki. Na san yana da kyau. Ina so ki ji wannan da kyau, Balkisa: ba jahilci ba ne. Shekara ashirin ke nan a lokacin da sanina cewa barbashin nan shi ne ran zanen. Amma sai na fara jin muryoyin mutane a kaina. Za su ce fentin ya lalace. Za su ce ɗiyar malamin zane ce, ga datti a aikinta, uban bai ko duba ba. Ba ke nake karewa ba, sunana nake karewa.

Na tsoma buroshi a ruwa na fara shafawa daga wuyan tulun. Na gangaro kafaɗarsa, na gangaro cikinsa, ina murza shuɗin cikin jan har suka zama abu ɗaya. Da na ɗaga hannu don in sake jiƙa buroshin, sai na ga inda na taɓa kusa da inda ban taɓa ba. Na ajiye buroshin. Amma fentin ruwa ba ya komawa baya.

Kin dawo kafin la'asar. Ina zaune a kan tabarma ina riƙe da littafin da ba karantawa nake ba. Kika tsaya a gaban zanen, kin daɗe. Sai kika ce, "Baba, ka gyara?"

Na ce, "Ɗan kaɗan, don mutane."

Kika ce, "To. Na gode."

Kika kwashe buroshinki kika wanke su ɗaya bayan ɗaya, kika shanya, kika jera a gwangwani kika rufe. Ban taɓa ganin an wanke buroshi da kyau irin na ranar ba.

Washegari sufeto ya iso a makare. Ya bi layin zanuka da sauri yana cewa madalla, madalla, ana riƙe masa lema. Bai tsaya a gaban naki ba, bai tsaya a gaban na kowa ba. Mutumin da na ɓata miki tulun Hajo dominsa ko kallonsa bai yi ba.

Da Laraba ta zagayo kika ce kina da bita. Ta gaba ma haka. Na gaya wa kaina jarrabawa ce ta matso, daga baya na ce lise, babbar sakandare, ce ta yi nauyi, daga baya na ce 'yan mata in sun girma sukan bar irin waɗannan abubuwa. Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ki taɓa ɗaga maganar ba, shi ya sa na sami wurin ɓuya. Innarki ce kaɗai ba ta bar ni ba. Wata rana ina cewa abin mamaki ne yadda kika daina zane, ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Malam, kai kake mamaki?"

Na kau da kai, ta ci gaba.

"Kai ne mai karatu, amma ni na ga fuskarta da ta fito daga zauren nan. Ka je ka ba yarinya haƙuri."

Na ce uba ba ya ba ɗiyarsa haƙuri a kan takarda. Ta ce to, ta ɗauki tsintsiyarta. Wannan shi ne kuskure na biyu a cikin kuskure ɗaya, kuma ya fi na farkon tsawo, don na farkon minti biyar ne, wannan kuwa shekara bakwai.

Ki yafe mini, ɗiyata. Zanenki daidai yake. Ni ne na ɓata shi, ina sane, don tsoron bakin mutane. Babu abin da ya rasa da yake bukatar hannuna.

Nasihar da ke cikin wannan ita ce mafi tsada da nake da ita, don da ke na saye ta. Jibi za ki tsaya a gaban yara. Wata rana babban baƙo zai zo, ki ga aikin wani yaro da kika san yana da kyau amma bai yi kama da abin da baƙi suka saba yabawa ba, hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ki sa shi a aljihu. In akwai gyara, ki kira yaron ki nuna masa a wata takarda daban, ya gyara da kansa ko ya ƙi. In kuwa kika yi kuskuren da na yi, don ke ma mutum ce, kada ki bar rana ta faɗi ba ki ce masa ke ce da laifi ba. Girmanki ba zai ragu ba. Nawa bai ƙaru da shirun da na yi ba.

Abin da ya ba ni ƙarfin rubuta wannan, ranar Asabar na gan shi. Kina wankin fararen kayan da za ki tafi da su, kin gama, saura ruwan bula a gindin baho. Ina zaune a gindin itacen bedi ina ganinki, ke ba ki gan ni ba. Ba ki zubar da ruwan nan da nan ba. Kin karkata bahon a hankali, kin tsaya kina kallon yadda shuɗin ke kwanciya a ƙasa, kika sake karkata shi ɗaya gefen. Sai da innarki ta kira ki sau biyu. Na ce a raina, alhamdu lillahi, hannun ne kawai na tsorata, idon yana nan.

To ga abin da ke cikin gwangwanin. Buroshinki ne guda uku, yadda kika jera su, ban taɓa su ba. Akwai ƙananan kwalabe huɗu: jar ƙasa, wadda jikar Gwaggo Tani ta ba ni don ita tsohuwar ta rasu, da rawaya, da bula, da baƙin yashi. Na niƙa su daidai, ban wuce ba, kuma ban taɓa gyalen kowa ba. Akwai ƙullin ƙaro. Zuma ki nema a can. Takarda mai kaushi guda goma tana cikin kwalin da ke manne da bayan jakar.

A cikin kwalin, bayan takarda ta goma, akwai zanenki na tulun Hajo. Shekara bakwai yana cikin akwatina. Naki ne, ki yi yadda kike so da shi. Amma kafin ki yanke, ki kai shi bakin taga ki duba. Daga wuya zuwa ciki, inda ya yi sumul kamar ƙofar buro, aikin malamin zane ne mai shekara ashirin a kan aiki. Daga nan zuwa gindi, faɗin yatsa uku, inda shuɗin ke zaune a cikin ja kamar tulun yana zufa, aikin yarinya ce 'yar shekara goma sha biyar. Duk ɗalibin da ya tambaye ni yadda ake inuwa tun daga lokacin, wannan yatsa ukun nake tunawa in ba shi amsa.

Ba na cewa dole. In kin buɗe kin ji ba ki so, ki rufe, ki ba wani yaro a ajinki, ba zan tambaya ba. Amma in wata safiyar da babu lakwal kin tashi kin ga haske ya shigo ta ƙofa ya faɗa kan wani abu, ko kofin shayinki ne da albasa ɗaya, ki gwada. Ki ɗauki launi ɗaya kawai. Ki jiƙa takardar, ki ɗora, ki karkata, ki sa hannunki a cinya har ya bushe. Na san abin da ruwan Malbaza ke yi wa bula, na san na Konni, na san na sama. Na Illela ban taɓa gwadawa ba. Ke za ki fara sani a gidanmu. In kin ga dama ki gaya mini, in kuma kin kawo zanen gida da hutu, zan kalle shi hannuwana a baya.

Innarki tana gaishe ki, ko da yake tana tsakar gida tana ƙulla miki yaji kuma ita za ta raka ki tasha. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba ki gani, Ya ba ki haƙuri da yaran mutane, Ya ba su haƙuri da ke. Allah Ya jiƙan Hajo. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.